Su-lan da Akwatin da ke Ƙarƙashin Bene

A gaban teburina aka ƙulla cinikin, don haka ba labari aka ba ni ba. Shekara ashirin da shida ina sayar da goron binlang, wanda ake taunawa yana rina baki, a tsallaken asibitin haƙori na gidan Yen. Ni ke ɓata haƙoran tsibirin nan, su ke gyarawa, kowa na cin abincinsa, ba mu taɓa faɗa ba.

Kwana biyu bayan bikin tseren kwale-kwale, da safe, ƙaramin Likita Yen ya tsallako da kofin madarar waken soya a hannu, Weng Su-lan na biye da shi. Ita ce ke zama a teburin karɓar marasa lafiya tun yana yawo ba wando. Uban ya ajiye aiki bara, ɗan ya gaji kujerar.

"Kawu Ou, kai ne shaida," in ji shi. "Anti ta hana ni sakat. So nake in mayar da bayanan marasa lafiya kan intanet kamar kowane asibiti, ita kuma ta rungume tsohon akwatin kwamfutar nan na ƙarƙashin bene kamar ita ta haife shi."

"Ban haife shi ba," in ji ta, "amma na san halinsa. Wannan naka da ba a gani, wa ya san halinsa?"

"To faɗi sharaɗinki a gaban Kawu."

"Su yi aiki tare daga yau har bikin cikar wata. Duk abin da na rubuta a ɗaya, in rubuta a ɗaya. Wanda ya fara zubar da bayanin mara lafiya, ko da layi ɗaya ne, shi za a kashe. In akwatina ne, da hannuna zan zare masa waya, in bi shi gida."

"Ban ce ki tafi ba, Anti."

"Ni na ce."

Ya miƙa hannu, ta kalli hannun kamar tana neman datti a farcensa, sannan ta karɓa.

Ni kuwa tun a nan na soma zargi. Aji huɗu na bar makaranta, amma na yi shekara goma sha tara a jirgin kaya, na ga tashoshi da mutanen cikinsu, kuma ban taɓa ganin wanda ya roƙi a ninka masa aiki a kan albashi ɗaya ba sai in yana ɓoye wani abu. Na ce a raina, matar nan akwai abin da ta binne a akwatin nan. Na sa mata ido wata uku da rabi don in kama ta. Wannan rubutun abin da na kama ne.

Bakwai da minti ashirin babur ɗinta ke tsayawa, ko iska na ɗage kwanon rufi. Tana ɗaga ƙofar ƙarfe, kafin ta cire hular kwano sai ta durƙusa ƙarƙashin bene. Ta zubar da ruwan da na'urar tsotse raɓa ta tara. Ta ɗauki burushin fenti ta share gishirin teku daga fankar akwatin. Ta kasa kunne ta saurari ƙararsa kamar mai sauraron numfashin jariri. Sannan ta duba koren ƙunshin guguru da ke kansa, irin wanda muke ɗora wa na'ura don ta yi ladabi, ta ga ko kwanansa ya ƙare. Na taɓa tambayarta ko ta yarda da wannan abin.

"Ban yarda ba," ta ce. "Amma ban yarda da rashinsa ba ma."

Da yamma kuma, kafin ta rufe, sai ta kwafe duk abin da ke cikin akwatin a wani ɗan faifai, ta jefa shi a kwanon abincinta da ta wanke, ta tafi da shi gida. Shekara talatin da ɗaya tana wannan zaman. Ta san wanda ke tsoron allura, ta san wadda ba za ta zo ranar da ruwa ya janye ba saboda tsintar kifin ƙwarya, ta san tsohon da ke cewa haƙorin hagu alhali na dama ne.

Mai sayar da sabuwar manhajar wani Mista Kao ne daga birnin Kaohsiung can tsallaken teku, farin takalmi, baki kamar an shafa mai. Kamfaninsa ba zan ambata ba. Ya tsaya a teburina ya ƙi sayen komai, yana yi mini bayani ban tambaye shi ba.

"Baba, akwati a ofis tsohon yayi ne. Wuta ta tashi, ya ƙone. Ɓarawo ya shigo, ya ɗauke. Namu kuwa yana sama, ba abin da ke taɓa shi."

"Sama ina?"

"A manyan ɗakunan kwamfuta, can nesa."

"Ashe akwati ne shi ma, sai dai a ƙarƙashin benen wani yake."

Ya yi dariyar da ba ta kai ido ba. Na ce masa, "To ina za a ɗora masa gugurun?" Ya ce yana da jirgin da zai kama.

Maganar gaskiya, bai yi ƙarya duka ba. A wata na bakwai akwatin ya mutu da tsakar rana, wata mata na kwance baki buɗe. Sabuwar manhajar ta ci gaba da aiki lafiya lau. Likita ya leƙo ta taga yana ɗaga mini yatsa, wai an gama. Su-lan ce da kanta ta fito ta ce, "Ya mutu, Kawu, ka shaida." Ba ta ɓoye ba. Aka sa sabon faifai, ta ciro nata daga kwanon abinci, ta mayar da komai, na safiyar ranar ta cike daga ɗan littafin da take rubuta aikin yini. Layi ɗaya bai ɓata ba. A wata na takwas kuma guguwa ta zo, intanet ya ɗauke kwana biyu da rabi. Sabuwar manhajar ta zama farin allo mai wani abu yana juyawa a tsakiya. Akwatin ya yi ta aikinsa da janareta. Da intanet ya dawo, shi ma komai nasa na nan. Kowane ya faɗi sau ɗaya, kowane ya tashi. Ni dai abin da na koya a nan, ɗaya na tsoron gishiri, ɗaya na tsoron iska, mu kuma gishiri da iska ne arzikinmu.

Amma ba wannan ne ya dame ni ba. Abin da ya dame ni, tun makon farko na lura da wata sabuwar ɗabi'a. Kullum lokacin hutun rana, in likita ya hau bene ya kwanta, sai ta buɗe tsohon akwatin, ta ɗauki waya, ta rufe baki da hannu tana magana ƙasa-ƙasa. Ta ajiye, ta yi alama a takarda, ta kira wani. Takardar kuwa a aljihunta take kwana. Na kuma san 'yar ƙanwarta na auren wani likitan haƙori a Makung, babban garin yankinmu. Na haɗa wannan da wancan, na ce na gano: tana kwashe mutane ne kafin ta tafi.

Na faɗa wa likita. Ba wanda ya tilasta ni, ni na tsallaka titi da ƙafata. Ya ce ba zai yiwu ba, amma na ga maganar ta zauna masa. Kashegari ya tsare ta, ina jiyo su daga waje.

"Anti, su wa kike kira?"

"Marasa lafiya."

"A kan me?"

"A kan abin da ya shafe su. Ka ba ni mako biyu, zan zaunar da kai in faɗa maka."

"Nuna mini takardar."

"Ba tawa ba ce da zan nuna."

Ya ce ta je gida ta huta kwana uku, ya kulle ƙofar ƙarƙashin bene, ya sa makullin a aljihu. Wata ma'aikaciyar ɗakin tiyata ta zauna a teburinta.

Ba ta je gida ba. Ta tsallako ta zauna a bencina, ta ɗora jaka a cinya, ta fuskanci ƙofar asibitin.

"Matsa, tsoho," ta ce. "Kai ka jawo, a bencinka zan zauna."

"Wa ya ce ni ne?"

"Wata uku kana leƙena ta tsakanin kwalabe. Kana tsammanin makauniya ce ni?"

Na ba ta shayi, ta sha. Duk wanda ya shiga asibitin sai ta bi shi da ido, leɓenta ya motsa, sannan ta saki numfashi. Haka aka yi ranar farko. A rana ta biyu, wajen ƙarfe goma, sai ga Baba Lu, tsohon masunci mai shekara saba'in da shida, kumatu a kumbure, ɗansa Chih-ming na riƙe da shi. Ta dire kofin a benci. Ta miƙe ta tsallaka ba ta duba titi ba. Na bi ta, don har lokacin so nake in ga ƙarshen ƙaryarta.

Mun tarar an riga an kwantar da shi. Likita ya duba allon sabuwar manhajar: ba ciwo, ba magani, tas. Ya tambayi tsohon ko yana shan wani abu, ɗan ya amsa masa.

"Babanmu? Ko maganin mura ba ya sha. Jiya ma shi ya ja raga."

"To haƙorin ya ruɓe har ƙasa, sai cirewa," in ji likita, yana ɗaukar allura.

"Ajiye," in ji Su-lan.

"Anti, na ce ki huta."

"Ina hutawa. Ajiye allurar. Chih-ming, je ka sayo wa babanka ruwa."

"Ga ruwa can, Anti. Me ke faruwa?"

Chih-ming ya ƙi fita. Ta matsa kusa da kujerar ta sunkuya.

"Baba Lu, sau huɗu na kira ka kana kashe mini waya. Na yi maka alkawari, ban karya ba, ba kuma zan karya yanzu ba. Amma haƙorin nan ba zai fita yau ba, ko da zan kwanta a kan ƙirjinka ne. Ka faɗa da bakinka."

Tsohon ya harare ta. "Ke dai 'yar Weng, tun kina yarinya kin cika shisshigi."

"Na ji. Faɗa."

Ya mayar da ido kan silin. Sannan ya ce, ziyarar ibadar da ya ce ya tafi bara, ba ibada ba ce. Asibiti ya je a Kaohsiung, zuciya ce. Tun lokacin yana shan maganin tsinka jini safe da yamma, da kuɗinsa yake saye ba ya nuna katin lafiya, don kada ya fito a ko'ina. Yana ɓoye ƙwayoyin a gwangwanin ƙugiya. A kan wannan kuma yana ƙara wani jiƙon saiwa da abokinsa ya ce yana wanke jijiya.

Likita ya ajiye allurar a hankali kamar ƙwai. Daga baya ya gaya mini, cire irin wannan haƙorin ga mai shan waɗannan biyun a haɗe, ba shiri, a tsibirin da jirgi ke zuwa sau ɗaya a rana, abu ne da ba ya so ya ƙarasa tunaninsa.

"Me ya sa ka ɓoye mana, Baba?" in ji ɗan.

"Da na faɗa, da ka bar mini makullin jirgina?"



A ranar aka buɗe ƙarƙashin bene, na ga abin da ta binne. Kun san tsofaffinmu. In sun zo asibiti 'ya'ya ke rako su, 'ya'ya ke amsa tambaya, su kuma su yi shiru. Sai an fito, a bakin ƙofar bayi, su ja hannun Su-lan su raɗa mata gaskiya: ina shan kaza, an ce ina da kaza, kada ki bari yaran su ji. Tsohuwar manhajar ba ta da wurin rubuta irin wannan inda ɗan da ke leƙen allo ba zai gani ba. Sai ta riƙa rubutawa a gurbin lambar waya ta biyu, can ƙarshen shafi, inda ba mai dubawa. Ita kuma kullum da safe sai ta maƙala jan matsin shanyar tufafi a farantin kayan aikin duk wanda ke da irin wannan rubutun. Tsohon likita ya san ma'anar jan matsi. Ɗansa ya tarar ana yi, in ya gani yakan leƙo ya tambaye ta, amma bai taɓa tambayar daga ina take sani ba.

Da aka kwashe bayanai zuwa intanet, sabuwar manhajar ta duba gurbin lambar waya, ta ɗauki lambobi, ta zubar da duk abin da ba lamba ba. Mutum ɗari biyu da goma sha huɗu suka koma masu lafiya tas a rana ɗaya. Mista Kao ya kawo takarda cewa komai ya ƙaura, kashi ɗari bisa ɗari. Ta wani fannin ma bai yi ƙarya ba, lambobin duk sun ƙaura.

Su-lan ta gano haka a mako na farko.

"To ai tun ranar kin ci cinikin, Anti!" in ji likita. "Me ya hana ki faɗa?"

"Da na faɗa me za ka ce? Ka ce a kwafe su gaba ɗaya a zuba a sabuwar. Sabuwar kuma, ba kai ka yi ta murna ba cewa 'ya'ya na iya ganin shafin iyayensu a wayarsu? Da yamma ɗaya sirrin tsofaffi ɗari biyu ya shiga aljihun surukansu. Shi ya sa nake kiran su ɗaya bayan ɗaya, in tambaye su: in rubuta ko kada in rubuta, ko za ka gaya wa likita da kanka? Saura talatin da ɗaya. Kuma ni na rubuta abu inda ba wurinsa ba. Ba zan ci ciniki da laifina ba."

Ba zan ce ta yi daidai duka ba. Ya kamata ta amince da yaron nan tun farko, ta gaya masa ko da rabin maganar, kuma na faɗa mata haka. Ta ce, "Kai da ba ka yarda da kowa ba, kai ke koya mini amincewa?" 

Su-lan, yanzu da ke nake. Ke ce mai gadin ƙofar da ba a ɗauke ta gadi ba. Ke ce kika ƙi yarda da akwatinki duk da kina share masa ƙura kamar ɗa, shi ya sa kike kai kwafinsa gida a kwanon abinci. Ke ce kika ƙi yarda da takardar mai farin takalmi, kika buɗe shafi-shafi kika duba da idonki. Na yi zaton ni ne sarkin zargi a tsibirin nan. Ashe nawa zargin na banza ne, mutane nake zargi don in ji daɗin cewa na fi su wayo. Naki kuwa na'ura kike zarga don mutane su koma gida da jininsu a jikinsu. Wata uku ina neman abin da kike ci a wannan aiki, ban samu komai ba sai hutun ranarki da kika sayar. Na ɓata miki suna a wurin yaron da kika goya, kika zauna a bencina kika sha shayina. Na gode, kuma ki yafe mini a gaban duk wanda ya karanta wannan.

Ku kuma masu zama a irin wannan tebur, a asibiti ne ko a ina, in an kawo muku sabon abu ku karɓa, ban ce ku ƙi ba. Amma in an ce muku komai ya ƙaura, ku tambaya, komai ɗin wa? Ku buɗe shafin tsohuwar da kuka sani, ku ga ko har yanzu ita ce a ciki.

Ranar bikin cikar wata, da rana, unguwa na shirya gawayin gashin nama, likita ya ce akwati ya ci, a bar shi. Su-lan ta ce a'a, ya tsufa, zai sake mutuwa, wata rana kuma ba mai kwanon abinci. Ta sa aka kira Mista Kao ya buɗe wani gurbi a sabuwar manhajar da likita kaɗai ke gani. Ta sa aka ajiye wata ƙaramar na'ura a ofis mai riƙe kwafi saboda ranar guguwa. Ta gama kiran mutum talatin da ɗayan nan. Sannan ta durƙusa ta zare wayar akwatin da hannunta. Ta ɗauki koren ƙunshin guguru ta miƙa wa likita.

"Ina zan ɗora shi yanzu, Anti?"

"A kanka. Kai ne na'urar da ta rage."

Ƙarshen watan nan take ajiye aiki, ta ce tunda ta zare wa akwatin waya sai ta bi shi gida, ta riga ta faɗa a gaban shaida.

To ga yadda aka tashi, tunda ni ne shaidar. Likita ya samu sabuwar manhajarsa, ya kuma koyi korar 'ya'ya waje kafin ya yi wa tsoho tambaya. Mista Kao ya samu cinikinsa, har na ji yana tallar sabon gurbin a wasu asibitoci kamar shi ya ƙirƙira. Baba Lu an cire masa haƙori a Makung bayan shiri, ya dawo da ƙafarsa, amma ɗansa ya karɓe makullin jirgin. Yanzu a bakin tasha yake wuni yana ba kowa labarin nan da kansa, yana cewa 'yar Weng ce ta raba shi da teku. Shekara talatin yana kawo mata kifin farko na kaka. Bana bai kawo ba, in ya hango babur ɗinta ma juya baya yake yi.

Na ce mata, "Kowa ya samu wani abu, ke kaɗai kika rasa: ga kujera, ga akwati, ga gaisuwar tsoho."

Ta leƙa can bakin tasha inda yake zaune yana zaginta da ƙarfinsa, ta ɗaura hular kwanonta.

"Ka ji muryarsa kuwa?" ta ce. "Har nan ake jin sa."